Yadda Za A Kare Jariri Daga Ƙarancin Nauyi Tun Yana Ciki

A yawancin gidajenmu na Marwa da Garwa da Kusiri da Njamena, idan mace ta sauka, abin da ake fara tambaya shi ne me aka samu, sannan a tambayi jikin mai jego, amma da wuya a ji wanda ya tambayi kilo nawa jaririn ya yi a kan sikeli. Alhali kuwa wannan adadi, wanda ungozoma ke rubutawa a katin awo, yana cikin abubuwan da suka fi nuna ko jariri zai tsallake watansa na farko lafiya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa iyaka a giram 2,500, wato kilo biyu da rabi: duk jaririn da bai kai haka ba ranar haihuwa yana da ƙarancin nauyi, wanda kuma bai kai giram 1,500 ba yana cikin haɗari mai tsanani. Ƙiyasin da hukumar ta fitar tare da UNICEF ya nuna cewa a shekarar 2020 an haifi jarirai kusan miliyan 19.8 a wannan hali, wato kimanin ɗaya cikin bakwai na jariran duniya, kuma fiye da kashi 80 cikin ɗari na jariran da ke rasuwa kafin su cika kwana 28 daga cikin irinsu suke. Waɗanda suka rayu ma sun fi sauran yara fuskantar tsumburewa, da hawan jini da ciwon sukari bayan sun manyanta.

Hanya biyu ce ke kai jariri ga wannan hali. Akwai bakwaini, wanda ya zo kafin ciki ya cika mako 37, akwai kuma wanda ya cika watanninsa cif amma bai samu abin da zai gina jikinsa ba, wani kuwa duka biyun ne suka haɗu a kansa. Duk abin da ɗan tayi zai ci, da iskar da yake buƙata, ta mabiyiya suke isa gare shi daga jinin uwa, kamar yadda ruwa ke bin ƙorama ya shiga fangalin albasa: idan ruwan ya yi kaɗan tun daga rijiya, ko hanyar ta toshe a tsakani, shuka ba za ta yi kai ba ko da irin mai kyau ne. Yawancin abubuwan da ke rage jinin uwa ko suke lalata mabiyiya ba sa yin ciwo, ba sa kwantar da mace, shi ya sa ake sakaci da su har sai ranar da aka ɗora jaririn a sikeli. Amma akasarinsu suna da magani mai araha, muddin an kama su da wuri.

Tsoron babban jariri

Dole a fara da wannan, domin shi ne ke warware duk shawarar da ma'aikatan lafiya ke bayarwa. Mata da yawa, sau da yawa bisa shawarar iyayensu mata da suka ga wahalar doguwar naƙuda da idonsu, sukan rage cin abinci a watannin ƙarshe, su guji ƙwai da nama, har su ɓoye ƙwayoyin ƙarin jini a ƙarƙashin katifa, don kada ɗa ya yi girma ya ƙi fita. Tsoron ba na banza ba ne, kowa ya san wadda naƙuda ta bar ta da yoyon fitsari. Sai dai ba a gano mai laifin daidai ba. Abin da ya fi kawo doguwar naƙuda shi ne ƙugun uwa da bai buɗe sosai ba, saboda ƙuruciya ko saboda ita ma ta tsumbure tana yarinya, ko kuma kwanciyar ɗa ba daidai ba, kuma maganin waɗannan shi ne haihuwa a inda za a gane matsalar da wuri a yi tiyata idan ta kama. Yunwa ba ta faɗaɗa ƙugu. Abin da take yi shi ne ta kai mace gaban naƙuda ba ƙarfi ba jini, ta yadda zubar jinin da wata za ta jure ita zai iya tafiya da ita.

An gwada wannan magana a ƙauyukan Gambiya, inda damina da yunwarta suka yi kama da namu. A binciken da aka buga a 1997, an riƙa ba mata masu ciki biskit na gyaɗa kowace rana daga tsakiyar ciki. Nauyin jariransu ya ƙaru da giram 136 a tsakatsaki, a lokacin yunwar damina kuwa da giram 201, mutuwar jarirai a ciki da kuma a makon farko ta ragu sosai, amma kewayen kan jariran bai ƙaru da abin da ya wuce kimanin milimita 3 ba, kuma wahalar haihuwa ba ta ƙaru ba. Wannan hujja ce da ya kamata a kai wa kowace uwar miji cikin ladabi.

Ki fara awo kafin ciki ya fito

Al'adar kunya, musamman a cikin fari, da tsoron baki da maita, sun sa mata da yawa ba sa zuwa asibiti sai a wata na shida ko na bakwai, lokacin da zane ya kasa rufe maganar. A lokacin an riga an yi asarar rabin abin da awo zai amfanar. Tun 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar ganin ma'aikacin lafiya sau takwas: na farko kafin ciki ya wuce mako 12, sannan a mako na 20, 26, 30, 34, 36, 38 da 40. Idan kin ga batan wata sau biyu, ki je. Ba sai unguwa ta sani ba. Ya isa ke da maigida da ungozoma ku sani, kuma ma'aikacin lafiya ba shi da izinin fitar da sirrinki.

A zuwan farko kada ki yarda a tsaya a taɓa ciki kawai. Ki nemi a auna nauyinki da hawan jininki, a gwada yawan jininki da fitsarinki, a yi miki gwajin tunjere da na ƙanjamau, kuma idan akwai na'urar hoton ciki, a yi miki sau ɗaya kafin mako na 24, domin shi ke nuna ainihin kwanakin cikin da kuma ko tagwaye ne. Ki faɗi tarihinki ba ɓoye-ɓoye: ɓarin da kika taɓa yi, bakwainin da kika taɓa haifa, jaririn da ya zo ba rai, jijjigar da ta taɓa kama ki, sikila ko ciwon sukari idan kina da su. Wadda ta taɓa haifar ƙaramin jariri ta fi wata yiwuwar maimaitawa, mai tagwaye kuma tana bukatar kulawa ta daban, domin tagwaye da yawa ba sa cika watanni. Daga mako na 24, tsayin ciki da ake aunawa da tef yakan yi kusan daidai da yawan makonni a santimita. Idan ya tsaya wuri ɗaya a awo biyu a jere, ki tambayi dalili.

Maganar da ake yi cewa rashin kuɗi na hana zuwa awo gaskiya ce, amma a jihohin Adamawa da Arewa da Arewa Mai Nisa na Kamaru an fara tsarin cekin lafiya tun 2015, inda mace ke biyan sefa 6,000 sau ɗaya, a yi mata awo da haihuwa da tiyata idan ta kama, a kuma kula da ita da jaririnta har kwana 42 bayan haihuwa, a asibitocin da ke cikin tsarin. Maigida ya tambaya a asibitin unguwa tun a watan farko, ya kwatanta wannan kuɗi da abin da zai kashe a ragon suna.

Zazzaɓin cizon sauro

A ƙasarmu babu abin da ya kai wannan cuta satar nauyin jarirai, kuma tana yi ne a ɓoye. Babbar mace da ta tashi a bakin kogin Logon ko Binuwai ta sha zazzaɓi tun tana yarinya, jikinta ya saba, don haka ƙwayar cutar za ta iya zama a jininta ba tare da ta ji ko ciwon kai ba. Amma idan ta ɗauki ciki, ƙwayoyin jinin da cutar ta shiga sukan je su manne a mabiyiya, su cunkushe ta, abinci ya ragu ga ɗan tayi, ita kuma uwar jininta ya riƙa ƙonewa. Wani lokaci har a yi gwajin yatsa a ga babu komai, alhali mabiyiya cike take. Mai cikin fari da mai ciki na biyu su ne suka fi shiga wannan haɗari, kuma abin takaici su ne kunya ta fi hana wa zuwa awo.

Saboda haka ne ake ba kowace mai ciki maganin rigakafi, wanda aka fi sani da Fansidar, ko da lafiyarta lau. Ana farawa daga mako na 13, ba kafin haka ba, ƙwaya uku a lokaci ɗaya, a haɗiye a gaban ma'aikacin lafiya, sannan a maimaita a duk zuwa awo muddin an samu tazarar wata guda, har zuwa haihuwa. Mafi ƙaranci sau uku ne, kuma wadda ta fara awo a wata na bakwai da ƙyar za ta cika su. Mace mai ɗauke da ƙanjamau da ke shan kotirimokzazol kullum ba a haɗa mata da wannan magani, don haka ta sanar da wanda ke duba ta.

Gidan sauro mai magani kuma ba na ado ba ne, ba kuma na rufe yabanya ko kamun kifi ba. Ki shiga cikinsa kowane dare tun daga ranar da kika san kina da ciki, a ɗaki ko a tsakar gida, ki cusa bakinsa ƙarƙashin katifa ko tabarma, ki ɗinke duk inda ya yage. Daga Yuli zuwa Oktoba sauro ya fi yawa a Marwa da Mora da Njamena, amma wanda ke kusa da gonakin shinkafa na Yagwa da Maga, ko madatsar Lagdo, ko gaɓar Tafkin Chadi, ba shi da lokacin hutu. Idan kuwa zazzaɓi ya zo, kada ki sayi magani a tire ko a kan keke. Ki je a gwada jini a ranar, domin zazzaɓi mai zafi kansa yana tayar da naƙuda kafin lokaci, kuma Fansidar na rigakafi ne, ba ya wadatarwa ga wadda cutar ta riga ta kwantar.

Abinci da jini

Macen da jikinta yake matsakaici ana so ta ƙara kilo 11.5 zuwa 16 a tsawon ciki, siririya kuwa fiye da haka, wato daga wata na huɗu a riƙa ganin ƙarin kilo ɗaya da rabi zuwa biyu a kowane wata. Ba sai ta ci na mutum biyu ba. Abin da ake nema shi ne ƙarin ci ɗaya a rana a kan wanda ta saba, da kuma gyara abin da ke cikin kwanon. Tuwon gero ko na dawa ko na masakwa yana ba da ƙarfi, amma shi kaɗai da miyar kuka tsurarta ba ya gina jini da tsoka. A sa wake a ciki, a sa gyaɗa ko ƙuli-ƙuli, a sa ƙananan busassun kifi da ake dakawa da ƙayarsu, waɗanda suke da araha a kasuwannin Kusiri da Yagwa da Garwa, kuma suna ba da sinadarin gina ƙashi. Zogale da rama da yakuwa da tafasa, kabewa da mangwaro da gwanda a lokacinsu, ƙwai da aka dafa sosai, kindirmo da madarar da aka tafasa, har da fara idan kakarta ta zo, duk abincin mai ciki ne. Gishirin girki kuma ya zama mai aidin. Inda ake auna dantse da tef, wadda nata bai kai santimita 23 ba tana bukatar ƙarin abinci na musamman, kuma ta tambaya ko asibitin yana bayarwa.

A nan akwai maganar da ta shafi maigida kai tsaye. A gidaje da yawa kwanon maza ne ke fara fita da naman da ke cikin miya, yara su biyo baya, mai girkin ta ƙare da ƙanzo. Idan tana da ciki, wannan tsari ɗanka yake cuta. Ka ce a fara zuba mata, kuma ka faɗa da bakinka a gaban kowa, domin ita kunya ba za ta bar ta ta ɗiba ba. Ka kuma lura da watannin Yuli da Agusta, lokacin da rumbu ya yi ƙasa, hatsi ya yi tsada, aikin gona ya yi yawa, sauro kuma ya cika gari. Idan lissafi ya nuna watannin ƙarshe na cikin za su faɗo a wannan lokaci, tun da kaka a ware mata buhun gyaɗa da na wake, kada a kai su kasuwa.

Duk da haka abinci kaɗai ba ya cika bukatar jini a lokacin ciki. Mai ciki da awon jininta ya gaza 11 tana da ƙarancin jini, wadda ya gaza 7 kuwa tana cikin haɗari. Shi ya sa ake ba da ƙwayar ƙarin jini, mai sinadarin ƙarfe miligiram 30 zuwa 60 da folik asid miligiram 0.4, guda ɗaya kullum har a haihu. Takan mayar da bayan gida baƙi, takan kawo tashin zuciya ko taurin ciki, kuma waɗannan ba alamar cuta ba ne. Ki sha ta da dare bayan cin abinci, ki yawaita ruwa, amma kada ki daina. Abin da ba a cika faɗa wa mata ba shi ne shayi yana hana jiki tsotsar sinadarin ƙarfe, don haka a gidajen da buta ba ta sauka daga kan gawayi, musamman a Chadi, a bar tazarar awa ɗaya zuwa biyu tsakanin shayi da abinci ko ƙwayar. Lemo da gwaiba da tumatir kuwa taimakawa suke yi. Bayan wata uku na farko a karɓi maganin tsutsar ciki idan an bayar. Kwaɗayin cin ƙasa ko kalaba da ake sayarwa a kasuwa sau da yawa alamar ƙarancin jini ne, kuma cin nata ƙara shi yake yi.

Game da azumi, shari'a ta yi rangwame ga mai ciki da ke tsoron cutuwa a kanta ko a kan abin da ke cikinta, ta sha ta rama daga baya. Wadda take da ƙarancin jini ko hawan jini ko ciwon sukari ko tagwaye, ko aka ce cikinta ba ya girma yadda ya kamata, a ganina ta karɓi wannan rangwame ba tare da jin nauyin kowa ba.

Hawan jini da cututtukan da ba sa nuna kansu

Hawan jinin ciki yakan bayyana bayan mako na 20, yana matse jijiyoyin da ke kai jini mabiyiya, ɗa ya daina girma, kuma sau da yawa dole a ciro shi kafin lokaci don a ceci uwar. Awo 140 bisa 90 ko sama da haka abin dubawa ne, musamman idan an ga sinadarin furotin a fitsari. Kumburin ƙafa kaɗai ba lallai ya zama matsala ba, amma kumburin fuska da hannuwa, ciwon kai mai tsanani da ba ya jin magani, gani dishi-dishi ko walƙiya a ido, da ciwo a ƙarƙashin haƙarƙarin dama, waɗannan masu shelar jijjiga ne. A wannan hali ba a jiran gari ya waye, ba a tsayawa turare ko tofi a gida. A yi addu'ar a kan hanya. Mai cikin fari, da wadda ta haura shekara 35, da mai tagwaye, da wadda abin ya taɓa samu, su ne a sahun gaba, kuma likita kan ba irinsu ƙaramin asfirin na miligiram 75 kullum da ƙwayar kalsiyam. Likita ne zai rubuta, ba maƙwabciya ba.

Ciwon mafitsara yana iya zama ba zafi ba raɗaɗi, amma ya tayar da naƙuda, gwajin fitsari ne kaɗai ke kama shi. Tunjere yana kashe ɗa a ciki ko ya fito da shi ƙanƙani, alhali allurar fenisilin tana maganinsa, da sharaɗin a yi wa mijin shi ma, in ba haka ba cutar dawowa za ta yi. Mai ƙanjamau da ta riƙe maganinta kullum tana kare ɗanta daga kamuwa. Ruwa mai wari ko ƙaiƙayi a gaba, da tarin da ya wuce mako biyu, duk a kai su asibiti.

Shekaru da tazara

Yarinyar da ba ta gama girma ba, jikinta da ɗan tayin suna rabon abinci ɗaya ne, kuma duka biyun ba sa ƙoshi. Haɗarin ya fi tsanani ga wadda ba ta kai shekara 16 ba. Chadi ta haramta aurar da wadda ba ta kai 18 ba tun 2015, Kamaru ma ta sa hukunci a kan haka a kundin laifuffukanta na 2016, amma inda aka riga aka ɗaura auren, abin da ya rage a hannun iyaye da miji shi ne a jinkirta cikin fari, idan kuma ya shiga, a tabbata ta fara awo da wuri, ta haihu a asibitin da ake tiyata. Idan za ta tafi goyon ciki gidan iyayenta, ta tafi da katinta, ta ci gaba da awo a can.

Kwanika kuwa tana cinye mace a hankali, domin ciki na shiga kafin jinin da ta zubar da abin da shayarwa ta ɗiba su dawo. Shawarar masana ita ce a bar aƙalla wata 24 daga haihuwa zuwa ɗaukar wani ciki, bayan ɓari kuma wata shida, kuma wannan bai yi nisa da shekara biyu cikakku na shayarwa da aya ta 233 ta Suratul Baƙara ta ambata ba. Shayarwa tana hana ɗaukar ciki ne kawai idan jariri bai kai wata shida ba, nono zalla yake sha dare da rana, kuma al'ada ba ta dawo ba. Da zarar ɗaya ya warware, sai miji da mata su je tare su zaɓi hanyar tazarar da ta dace da su.

Aiki, hayaƙi da zafin bazara

Motsa jiki yana da amfani, kuma ba a ce mai ciki ta kwanta ba. Abin da ke cutarwa shi ne ɗaukar jarka mai lita 20 daga nesa sau da yawa a rana, da dakan hatsin gida duka, da wuni a duƙe a gonar auduga ko ta albasa, domin abin da ta ci a aikin yake ƙonewa. Daga wata na shida a raba mata aikin: a kai hatsi inji, samarin gida su ɗebo ruwa, abokiyar zama ko ƙanwar miji ta karɓi wani girkin, ita kuma ta samu awa guda da rana ta kwanta a gefenta. A watannin Maris zuwa Mayu, da zafi ke haura digiri 40 a Marwa da Kusiri da Njamena, ta yi aikinta da sassafe ko da yamma, ta sha ruwa har fitsarinta ya yi fari, domin tsananin zafi yana cikin abubuwan da ke kawo haihuwa kafin lokaci.

Hayaƙin itace da kara da kashin shanu a rufaffen madafi yana rage iskar da ke isa ga ɗan tayi. A yi girki a fili ko a buɗe taga, a yi amfani da busasshen itace da murhu mai rage hayaƙi, ko gas ga mai hali. Mai shan taba ko shisha ya fita waje ya sha, mai ciki kuma ta nisanci taba kowace iri, har da ta shaƙa da ta leɓe, da giya, da taramol. Goro da kofi da shayi mai kauri duk suna da kafeyin, wanda yawansa, sama da miligiram 300 a rana, yana da alaƙa da ɓari da ƙarancin nauyi, don haka a rage. Jiƙe-jiƙen da ake sha don maganin zaƙi ko sauƙin naƙuda ba a san ƙarfinsu ba, wasu suna murɗa mahaifa tun lokaci bai yi ba. Duka da tsangwama ma suna cikin jerin: macen da ake bugu ko take kwana da fargaba ta fi haifar bakwaini, kuma wajibin dangi ne su shiga tsakani.

Idan naƙuda ta zo da wuri, ko jariri ya zo ƙarami

Ciwon mara da baya mai zuwa yana dawowa kafin wata tara, fashewar faya, ganin jini ko kaɗan ne, da raguwar motsin ɗa, duk suna bukatar asibiti nan take. Saurin yana da dalili: idan ciki yana tsakanin mako 24 da 34, akwai allurar da ake yi wa uwa don huhun ɗa ya ƙosa, kuma tana bukatar lokaci kafin ta yi aiki. Wanda ya ga ambaliyar 2022 da ta 2024 a Yagwa da Kusiri da Njamena ya san yadda hanya ke yankewa, don haka tun wata na bakwai a san mai babur ko mai kwalekwalen da za a kira, a ajiye kuɗin mai, a san ɗan'uwan da zai ba da jini, kuma wadda ƙauyenta ke nesa ta koma wajen dangi kusa da asibiti kafin ruwa ya rufe hanya.

Duk inda aka haihu, ko a gida ne, a kai jariri a auna shi a ranar. Babban maƙiyin ƙaramin jariri sanyi ne, ko da a bazara, balle da hunturu. A goge shi a bushe, a sa masa hula, kada a yi masa wanka sai bayan awa 24 aƙalla, ƙanƙanin kuwa sai ma'aikacin lafiya ya ba da izini. Ba kowane asibiti ke da kwalbar jarirai ba, kuma wannan rashi ne ya sa likitoci a birnin Bogota na Kolombiya suka ƙirƙiro goyon ƙirji a 1978, wanda tun 2022 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a fara shi nan da nan bayan haihuwa. Ana ɗora jariri a tsaye tsakanin nonuwan uwa, fata na taɓa fata, daga shi sai hula da safa da ƙyallen tsuguno, kansa a juye gefe ɗaya don ya yi numfashi, a ɗaure shi da zane, awa takwas zuwa 24 a rana. Idan uwa za ta yi wanka ko ta huta, uba ko kaka su karɓa a nasu ƙirjin.

A ba shi dakashi tun a awa ta farko, kada a matse shi a zubar, a kuma shayar da shi duk bayan awa biyu zuwa uku, ko da sai an tashe shi daga barci. Idan ba shi da ƙarfin tsotso, a tatsa a kofi mai tsabta a ba shi kaɗan-kaɗan, kuma kada a ɗura masa ruwa ko jiƙo ko zuma. Ranar suna a raɗa masa sunansa yana jikin uwarsa, a hana yawo da shi hannu-hannu, a ɗage aski har ya yi ƙwari, cire beli kuwa a bar shi gaba ɗaya. Ƙin kama nono, sanyin jiki ko zafinsa, numfashi da sauri ko ɗaukewarsa, shawara a ido da tafin hannu, da jan cibiya mai ruwa, kowanne ɗaya ya isa a koma asibiti a daren. Jariri kan ɗan rage nauyi a kwanakin farko ya mayar da shi cikin mako biyu, saboda haka a riƙa kai shi sikeli kowane mako har ya haura kilo biyu da rabi, a tambayi lokacin da za a fara masa maganin ƙarin jini da alluran rigakafi, kuma a adana katin da aka rubuta nauyinsa na haihuwa, domin shi ne abu na farko da ungozoma za ta bukaci gani idan wani cikin ya samu.